Babur Ɗin Da Ya Kasa Hawa Tudun Manu

Ranar da Ikilima ta fara ganin Nu'uman, da akwai dutse kusa da hannunta da ta rotsa masa kai.

Daga kasuwar Sara ta fito da buhun masara da jarkar man injin niƙan Innarta, tana neman ɗan acaɓar da zai kai ta gida. Gidansu a Tudun Manu yake, wani ɗan ƙauye a yankin Zandam da ke zaune a kan dutse, hanyarsa hawa ce zalla, ga tsakuwa ga ramuka. Cikin baburan da ke tasha akwai wani zanƙalele da mai walda ya ƙara wa tsawo, aka sa masa ƙatuwar tayar baya da doguwar sarƙa. Mai shi yana kishingiɗe a kai yana sakace, sai ka ce shi ya kafa garin.

"Zai hau Tudun Manu da kaya?" in ji Ikilima.

Ya dube ta ya yi dariya. "'Yammata, daga Birnin Kudu har Gwaram ki tambayi waye Nu'uman Guguwa. Ba a yi wanda ya taɓa shan gabana a kwalta ba."

A kwalta kam bai yi ƙarya ba, don sai da ta riƙe gyalenta da haƙori. Amma suna fara hawa babur ya soma tari. Ya sauke giya, ya murɗa totur, warin kuloci ya tashi. A tsakiyar tudun abin ya ce ya gaji, ya yo baya da su, suka zube gaba ɗaya. Buhu ya fashe, awakin da ke kiwo a gefe suka yo kan masarar da gudu.

Ikilima ta miƙe da ƙujewa a gwiwar hannu, idonta jawur.

"Kai ne Guguwar? Allah wadaran naka ya lalace! Ka cika mini baki a gaban mutane, ashe gwangwani kake ja!"

"Ki yi haƙuri, wallahi bai taɓa..."

"Rufe mini baki! Kori awakin can!"

Haka ya tattare abin da ya saura, ya ɗora a ka, ya bi ta a baya har ƙofar gida tana zazzaga masa masifa. Abin da kawai ya yi, ya haddace lambar wayar da aka rubuta da fenti a bangon ɗakin injin.

Washegari da hantsi ta hau kan falalen dutsen da ake samun sabis, sai ga saƙo.

"Salam. Ni ne wanda ya zubar miki da masara. Ki yafe ni. Tun jiya faɗanki ke yawo a kunnena, kuma ban so ya daina ba."

Ta ja tsaki har sau biyu, ta rubuta: "Je ka gyara jakinka."

"To Barkonona, na ji. Yaushe zan zo?"

Ba ta ba shi amsa ba. Sai dai ba ta goge saƙon ba, kuma ranar sau uku tana hawa dutsen nan ba tare da wani dalili ba.

Zuwa kam ya zo, ya kuma dawo. Yakan ajiye babur a gindin tsamiyar da ke ƙasan tudu ya hau da ƙafa, ya iso yana haki da ledar lemo a hannu. Ita kuma kullum sai ta tare shi da faɗa, shi kuma kullum sai ya yi murmushi, har dai faɗan ya fara ƙarewa da dariya. Son shi ya shige ta ba ta shirya ba, kuma haushin hakan take ji.

Wata la'asar ta ja shi bakin ɗakin injin. Tun tana ƙarama ita ke taya Inna Jummai niƙa, don haka ta san halin ƙarfe. Ta nuna masa faifan nan biyu da bel ke zagayawa.

"Ka ga wannan na jikin turmin niƙan? Da ƙarami ne, injin na gudu amma da an zuba masara sai ya shaƙe. Da aka sa babba, gudun ya ragu, amma ko tsakuwa ka zuba zai niƙe. Babur ɗinka ma haka ne. Ka ƙara masa tsawo, ka sa taya ƙatuwa, ka bar masa ɗan mitsitsin faifan haƙoran nan na baya. Me kuke ce masa?"

"Sifiroket," ya faɗa, fuska a ɗaure.

"To shi. Sa babba."

"Kin san me kike cewa kuwa? Haƙori talatin da shida ne a kai, da gangan na sa. In na sa mai arba'in da biyar, injin zai ta kururuwa a kwalta yana shan mai, mai keke ma sai ya wuce ni. Sunan da na yi shekaru ina ginawa fa?"

"Sunan da ke kwana a gindin tsamiya?"

Maganar ta soke shi. "Ki tsaya a niƙanki, Ikilima. Babur ba aikin mata ba ne."

"Ni kuma tudun nan ba na ragwaye ba ne. Sauka!"

Ya sauka kuwa, bai waiwayo ba.

Kamar hakan bai isa ba, sai maganar ta je kunnen mahaifinta. Malam Iliyasu da sanda yake tafiya, domin shekarun baya wani ɗan acaɓa mai gudu ya kwashe shi a bakin kasuwa ya karya masa ƙafa, ɗorin kuma bai yi kyau ba. Tun daga ranar bai sake hawa babur ba, ko ƙararsa ba ya son ji. Ya kira ta tsakar gida.

"Wanda ake ce wa Guguwa ne ke zuwa ƙofar gidana?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi ne, Baba."

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Dubi ƙafar nan da kyau. Ba zan tilasta miki kowa ba, ki kawo manomi, ki kawo mai tireda, ki kawo duk wanda kike so. Amma mutumin da ke alfahari da gudu, in dai ina numfashi, ba zai ɗauki 'yata a bayansa ba. Na gama magana."

Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, rabi don Baba, rabi don ta san gaskiya ya faɗa.

Akwai kuma Sabo, wani ɗan acaɓa na tashar su Nu'uman, wanda ya daɗe yana shawagi a ƙofar gidan ba ta kula shi. Ya samu dama ya kawo niƙan da ba ya buƙata, ya tsaya yana zuba.

"Ke kin ɗauka don buhu ya ƙara wa kujerar nan tsawo? Kullum da safe 'yammata biyu yake ɗauka a Birnin Kudu, ko kuɗi ba ya karɓa. Kowa ya sani sai ke."

Injin ma ba ta kashe ba ta haye dutsen sabis ta rubuta masa:

"Ashe kujerar mata biyu ce. Allah ya ba ka sa'a. Kar ka sake nemana."

Amsa ta shigo nan take: "Kubra da Hapsatu ne, ƙannena, makaranta nake kai su. Amma tun da maganar Sabo ta fi tawa, shi ke nan."

Ta karanta ta sake karantawa. Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta koma haushi, don ita Ikilima ba ta iya ba da haƙuri ba. Ta rubuta: "Ko ƙannenka ne, Baba ya ce ba zai ba mai gudu ba. Ka zaɓa, ko sunanka ko ni."

Wannan karon ba amsa. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, wayar shiru. Ta rame, ta zama ba mai iya yi mata magana a gidan, har Inna Jummai ta ce in ba ta daina huce haushinta a kan masu kawo niƙa ba za ta kore musu kowa.

Ana cikin haka ƙafar Malam Iliyasu ta kumbura, Ikilima ta raka shi asibiti a Birnin Kudu. Da suka dawo, mota ta sauke su a gindin tsamiya, don ruwa ya cinye hanyar tudun, ba motar da ke hawa. Rana ta take, tsohon ya dubi hawan nan ya zauna a kan saiwa yana cije leɓe.

'Yan acaɓa uku na fake a inuwar, har da Sabo. Ya taso da babur yana zuga shi, ya ci birki a gabansu har ƙura ta tashi.

"Baba, hau in fyalla da kai sama yanzun nan!"

"Fyalla da ubanka," in ji Malam Iliyasu. "Matsa daga gabana!"

Sai ga wata ƙara daga kan hanya, injin na kuka amma abin na tahowa a hankali. Doguwar kujerar nan ce, ɗaure da buhunan taki biyu. Sauran suka kwashe da dariya.

"Ga Kunkuru nan!" in ji Sabo. "Ke ba ki ji ba? Ya sa wa babur faifai kamar murfin tukunya. Ranar kasuwar Gwaram a gaban kowa na wuce shi, har ina ɗaga masa hannu. Guguwa ta mutu!"

Ikilima ta kai ido kan tayar baya, ga shi nan kuwa, babban sifiroket sabo fil yana ƙyalli.

Nu'uman ya tsaya, ya sauka, ya durƙusa ya gaida Malam Iliyasu. Ko kallonta bai yi ba.

"Kai ne mai gudun?" tsohon ya tambaya.

"Da ni ne, Baba. Yanzu ko na so ba zai yi ba."

"Wa ya sa ka?"

"Wata ce ta ce in zaɓa." Ya dubi babur ɗin. "Na fara gwada mai arba'in da biyu, ina son in ci biyu, in yi hawa in kuma riƙe gudun. Da kaya ya kasa. Sai na sa wanda ta ce tun farko."

Ikilima ta kasa daurewa. "Shi ne ka bar ni wata da watanni ba ko saƙo? Yatsunka ne suka karye?"

"Haushinki nake ji," ya ce, a karon farko ya ɗago ido. "Har yanzu ma ina ji. Sai dai na gwada zama ba faɗanki, na kasa."

"Kai, ku rufe mini baki, a gabana kuke," in ji Malam Iliyasu. Ya daɗe yana duban tudun, yana duban ƙafarsa. Can ya ce, "Sauke buhu ɗaya. In ka girgiza ni, ka ji na rantse, da sandar nan zan karya ka."

Suka ɗaga shi suka zaunar. Babur ya kama hawa a giya ɗaya, ba tari ba tsayawa, yana taka tsakuwa a natse. Ikilima na biye da su a ƙafa, kuma ba su tsere mata da nisa ba. A daidai inda masararta ta taɓa zubewa ta ga Baba ya saki kafaɗar Nu'uman, ya gyara zaman hularsa.

A ƙofar gida tsohon ya sauka, ya dogara sandarsa.

"Wannan abin naka tafiyar jaki yake yi."

"Haka ne, Baba."

"Ka bar shi haka. Ka ce wa manyanka ina gida ranar Juma'a."

Da yamma saƙonta ya riga nasa: "Na yi kuskure a kan maganar Sabo. Kar ka saba, ba zan sake faɗa ba."

"Na adana shi, Barkonona. Zan nuna wa jikokinmu."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka zo ɗaukar amarya, motoci suka tsaya a gindin tsamiya, abokan ango suka hau da baburansu suna zuga totur, kowa na cewa shi zai sauko da ita. Malam Iliyasu ya fito ya daka musu tsawa, ya ce ango ne kaɗai zai sauko da ita. Mata suka ce ai ango ba ya zuwa ɗaukar amarya da kansa, ba a taɓa yi ba.

"Yau za a fara," ya ce. "Ku je ku kira mini shi."

Haka aka je aka taho da Nu'uman cikin babbar rigarsa. Aka zaunar da amarya a lulluɓe, gwaggonta ta zauna a bayanta, kujerar ta ɗauke su daram. Tsohon ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma, amana ce na ɗora maka. Ka tafi da ita a hankali."

Sauran baburan suka yi gaba da ihu, ƙurarsu ma ta kwanta kafin su kai rabin gangaren. Daga cikin mayafi, da muryar wadda ta sha kuka, Ikilima ta ce, "Wai ba ka iya sauri ba ne?"

"Ke kika zaɓa," in ji Nu'uman, bai ƙara ko kaɗan ba.

Su ne na ƙarshen isowa gindin tsamiya, Malam Iliyasu kuma yana tsaye a saman tudu da sandarsa har suka sauka lafiya.