Robar da Dwight Bai Yanke Ba

"Hannu sama, tsoho!"

Jikana Dwight ne. Ya rufe fuska da ƙyalle, amma muryar ni na raine ta. Lahadi da la'asar, baje kolin bindigogi na garinmu ya tashi, kowa na lodi a filin ajiye motoci. Ni ina tattara kwalaben zumar da nake sayarwa.

Merle yaron ya tasa a gaba da bindiga. Merle mai sayar da bindigogin farauta, wanda ya ɗauko gawar mijina daga asibiti a motarsa, ko godiya bai tsaya karɓa ba. Can gefe Lonnie, abokin shashancin Dwight, yana cikin akori-kura, inji a kunne.

Da safen nan yaron ya zo teburina.

"Kaka, yau na fara zuwa. Ya ake yi?"

"Kar ka saya a teburin farko. Kar ka taɓa sai ka tambaya. Kar ka saita mutum ko da wasa. Robar nan da suke ɗaure kunamar bindiga da ita don kar ta tashi, kar ka yanke sai ka isa gida."

"Na masu sayarwa ma a ɗaure suke?"

"Duka. Ka je wurin Merle, ba ya cuta. Ka taya shi lodi ma, shi kaɗai yake yi."

Bakina ne ya faɗa. Ba wanda ya matsa min.

Yanzu ga shi a filin motoci, Merle ya dubi bindigar hannun Dwight, ya ga jar roba tana reto.

"Haba ɗan nan, ko yanke ta ba ka yi ba?"

"Rufe min baki! Lonnie, kwashe!"

Lonnie ya diro, ya cafke akwati biyu. Sai ya hango Rhonda 'yar sanda a guje — ya faɗa mota, ya taka wuta!

"Lonnie! Ɗan iska, tsaya mana!"

"Yar da bindigar!" Rhonda ce, daga bayan Dwight. Daga can ba ta ganin roba.

Dwight ya juyo — bindiga a hannu!

"A ɗaure take!" Merle ya kurma ihu. "Rhonda, a ɗaure —"

Tau! Tau!

Lonnie a kan gada aka kama shi, tun a mota ya ce Dwight ne ya shirya komai. Rhonda ta ajiye aiki. Merle kuwa, motar nan tasa dai ya sake kawowa ƙofata da gawar Dwight a ciki, ya cire hula. Wannan da me zan rama masa?

Da aka ba ni kayan yaron, na tambayi bindigar. Suka ce robar na nan. A duk abin da na gaya masa, wannan ya ji.