Rawanin Malam Hamidu

Ranar Talata ce da la'asar, kasuwar Mafara ta fara watsewa, Taiba 'yar Birnin Tudu ta fito daga layin masu kauɗar tumatir da kwandonta, tana neman abin hawa zuwa gida. Shekarun nan ne ruwan dam ɗin Bakolori ya cika kanal yana bin gonaki, 'yan kabu-kabu kuma suka fara jeruwa a bakin tasha.

Can ƙarshen layin masu babura akwai wani da ya naɗe kai da fuska da baƙin rawani, ya ɗora baƙin tabarau, ko hancinsa ba ka gani. Shi ta nufa.

"Birnin Tudu," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ta hau. Sai da suka bar gari ta ɗan matso ta ce, "Sannu da aiki, Malam Hamidu."

Babur ya yi tangal-tangal, saura ƙiris su faɗa kanal.

"Wa ya ce miki ni ne?"

"Takalminka. Da shi ka shigo gonar babana kana koya mishi zuba taki. Duk ƙasar Bakura ba mai shiga laka da sau-ciki in ba kai ba."

"Don Allah ki rufa mini asiri."

"Sata kake yi?"

"A'a."

"To mi za a rufe?"

Ta yi dariya. Dariyar nan kuwa ita ta bi shi har Mafara.

Shi Hamidu malamin gona ne, ɗan Maradun, yana da teburinsa a ofis a Mafara da biro a aljihu. Albashi na zuwa, amma kaya sun yi tsada, wata ba ya kai ƙarshe sai tukunya ta yi sanyi. Sai ya dubi babur ɗinsa ya ce ai wannan ma gona ce. Da an tashi aiki sai ya naɗa rawani ya nufi tasha. Kun san a lokacin, ma'aikaci ya ɗauki fasinja, ai gari ya samu abin taunawa. Shi ya sa yake ɓoyewa.

To fa, daga nan Taiba ta yi samari biyu a idon mutane. Ranar Juma'a Malam Hamidu ya zo zance ƙofar gidansu cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Ranar Talata kuma mai rawani ya kwaso ta daga kasuwa.

"Mai rawanina, ka ci abinci kuwa?"

"Na gan ki, Taibata. Na ƙoshi."

"Ƙarya kake. Ungo rake."

Ta miƙa masa ta ƙarƙashin rawanin, yana tuƙi yana tsotsa.

Akwai wani dillalin shinkafa, Hayatu, da ya daɗe yana zarya gidan su Taiba ba ta ko ɗaga kai ta dube shi. Shi ya ga raken nan da idonsa. Bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya kai labari Maradun da zafinsa, ya ƙara gishiri: yarinyar da ɗanku ke nema tana can tana ciyar da ɗan kabu-kabu a baki.

Bari in gaya muku yadda gidan su Hamidu yake, don ku gane. Shi ɗan fari ne. Mahaifiyarsa, Inna Nagode, irin matan da ce masu kunya ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido cikin ido ba. Tun da aka yaye shi, ƙanwar ubansa Gwaggo Saude ta riƙe shi. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Duk maganar da za ta yi masa, ta bakin Gwaggo take bi.

Gwaggon ce kuwa ta kawo saƙo Mafara.

"Uwarka ta ce goro ba ya zuwa Birnin Tudu. Ta ce ba ta haɗa jini da ɗiyar da ke raba hankalinta gida biyu."

Hamidu ya raka Gwaggo ta shiga mota, bai gaya mata shi ne mai rawanin ba.

Da ya gaya wa Taiba ranar Juma'a, ba ta yi kuka ba. Wannan yarinya ba ta da kukan banza.

"Ka faɗa musu kai ne?"

"Ki ba ni lokaci, Taibata. In aka ji a ofis..."

"Ana zagina a Maradun, ana nuna ni da baki a nan, kai kana tunanin ofis? Hamidu, ni ban ji kunyar hawa bayanka ba. Kai ne kake jin kunyar kanka. Ranar da ka tsaya tasha da fuskarka a buɗe, ka neme ni. Kafin nan motar Bakura ta ishe ni."

Ta shige gida ta bar shi da turarensa.

Talata ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Tana fitowa daga kasuwa sai ta wuce shi kamar ta wuce turken jaki. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Da abin ya ishe shi ya sayi kaset, ya rufe ɗaki ya danna rikoda, ya ba direban motar Bakura ya kai mata.

"Assalamu alaikum. Taibata, ni ne. Jiya na ɗauki wani tsoho da akuya, akuyar ta cinye mini gefen rawani. Bayan babur ɗin nan ba ya yi mini daɗi in ba ke ce a kai ba. Ba na cin abinci. Ki tausaya mini."

Kaset ɗin ya dawo, ta ɗora muryarta a kan tasa.

"Wa alaikumus salam, Mai rawanina. Na ji. Nima ba na jin daɗin motar, warin man fetur take yi. Ina sonka yau kamar jiya. Amma maganata tana nan. Ka gaida akuya, ka ce ta ƙarasa aikinta."

Talatar da ta biyo baya yana tsaye a ƙarshen layi, sai ga wata dattijuwa ta ratso masu babura ta tsaya a gabansa. Inna Nagode ce.

"Kai ne mai ɗaukar ɗiyar Birnin Tudu?"

Ya gyaɗa kai.

"Kai ni Maradun. Ina da magana da kai."

Ta hau. Ina za ta gane shi? Matar da ba ta taɓa tsayawa ta ƙare masa kallo ba!

Suna kama hanyar dam ta fara.

"Yaro, ka ji tsoron Allah. Ina da ɗa. Ba a faɗin sunanshi, amma kai baƙo ne, zan faɗa maka halinshi. Tun yana ƙarami bai taɓa sa ni ɓacin rai ba. Ranar da zai tafi makaranta, ta kafar zana na leƙa shi har ya ɓace, na shiga ɗaki na yi kukana ba wanda ya sani. Kwanon da ke kan ɗakina shi ya sa, da damina ina jin ruwa na dukanshi ina yi mishi addu'a. Yanzu an ce ya rame saboda wagga yarinya. Ni na hana, ni kuma ba na barci. Ka faɗa mini gaskiya, mi ke tsakaninku? In son ta kake, ka bar mishi. Ba shi da wayon neman wata."

Hamidu bai taɓa jin muryar uwarsa ta yi tsawo haka ba. Tabarau ya jiƙe, hanya ta daina ganuwa. Ya gangara gefe inda ake hango ruwan dam shimfiɗe, ya kashe babur. Ya sauka ya durƙusa, ya cire tabarau, ya warware rawanin.

"Inna, ni ne."

Ta dube shi. Ta dube shi sosai, tun daga goshi har haɓa. Sai ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya.

"Inna, albashin ne ba ya isa. Da wannan na sa kwanon. Taiba ba ta da kowa sai ni."

Can sai ta fuskanci babur ɗin, kamar shi ne mutum.

"Kai babur, ka ce wa mai kai bai kyauta ba. Ya bar ni ina ta zuba!"

Ta kama hanya da ƙafa. Ya yi magiya ta hau, ko waiwaye ba ta yi ba. Haka suka shiga Maradun, tsohuwa a gaba tana sauri, malamin gona a baya yana tura babur, mutane na kallo.

Tana shiga gida ta kira Gwaggo Saude.

"A kai goro Birnin Tudu, a kuma ba yarinyar haƙuri, na ɗauki alhakinta. Ki ce wa ɗanki ya jefar da wancan tsumma. Ubanshi da jaki ya yi dako har ya koma ga Allah, bai taɓa rufe fuska ba."

Ranar Talata, da aka tashi aiki, Hamidu ya tsaya a farkon layi da hularsa, biro a aljihu, fuska tas. Tasha ta ɗauka. "Kai, Malam ne! Malamin gona ne!" Wani abokin aikinsa ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya yana tambaya ko layin zai ɗauki mutum ɗaya. Hayatu kuwa ya tuna yana da shinkafa a wani wuri.

Sai ga Taiba da kwandonta. Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, kabu-kabu ne?"

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kabu-kabu ne, ranki ya daɗe. Ina zuwa?"

"Yau dai Birnin Tudu," ta ce, ta hau. "Ashe kana da kyau ranar Talata ma."

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure. 'Yan kabu-kabun Mafara kaf suka rako amarya, suna ta oda har kajin unguwa suka watse. Inna Nagode ba a gan ta ba, tun safe ta ɓuya gidan maƙwabta, kamar yadda uwar ɗan fari ke yi. Amma da aka zaunar da amarya, Gwaggo Saude ta shigo da ƙwaryar fura da saƙo.

"Ta ce a ce wa amarya ta gode. Ta ce a ce wa mai babur Allah ya yi mishi albarka, ya tsare mishi hanya."

Hamidu ya sunkuyar da kai. Taiba ta kama hannunsa ta ƙarƙashin mayafi ta matse.

Har yau in za ta Mafara, Inna da ƙafa take zuwa ko a mota. Ta ce ita da bayan babur har abada, tunda ba ta san wa take yi wa hira ba. Su kuwa Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka. Amin.