Kogin da Jummare ta Rufe wa Ido

Lorin da ya taso daga Gadarif zuwa Doka ya kafe a laka, kamar yadda yake kafewa kowace damina, kuma kamar kullum fasinjoji suka sauko suna cewa haka Allah ya so. Ummusalama, malamar makaranta, ita ma ta sauko. Hankalinta na kan taswirar Sudan da ta karɓo wa ɗalibanta, wadda yayyafi ya fara jiƙawa.

Wani saurayi mai baƙin mai a farce ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙo mata.

"Ustaza, rufa wa ƙasar nan asiri, kada ta narke a hannunki."

Sunansa Wada, makanikin tarakta a manyan gonakin dawa da suka kewaye Doka. Kafin a tono lorin, sai da ya sa ta ɗaga gefen taswirar, ya bi shuɗin layin nan da yatsa.

"Kin taɓa ganinsa?"

"Shekara uku ina koyar da darasin kogin Nilu. Ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin bayan gari ba."

"Ni ma haka. Abin kunya ne wallahi. To, mu je mu gan shi."

"Mu? Ni da wa?"

"Wannan ita ce magana ta biyu. Ita sai a zauren gidanku."

Ya kuwa kawo ta. Manya suka zo, mahaifinta Malam Jibrin ya karɓe su hannu biyu, aka ce biki sai bayan yankan dawa. Daga nan direban lori ya zama gidan wayarsu.

"Salamata," in ji wasiƙar Wada ta farko, "na tambayo. Jirgin ruwa biyu ne. Ɗaya daga Karima zuwa Dungula, dabino hagu da dama. Ɗaya daga Kosti ya yi kudu, an ce har dorina ana gani. Zaɓi naki ne. Ni ko a kwano kika ce mu shiga, zan nemo filafili."

Ta amsa: "Makanikina, dabino muna da shi a kasuwa, dorina kuma ina da ƙarami a aji na uku. Ka ba ni mako guda in yi tunani."

Makon bai cika ba Gado, ɗan ƙanin Malam, wanda ya daɗe yana zagayen gidan da sunan gaisuwa, ya tsinci zancen zuwa kogin a tasha ya kawo wa Malam da zafinsa.

Gidan Malam Jibrin na da doka. Kakanninsu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a Doka. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har yau in ka tambayi ɗan gidan, sai ya ce maka, "Muna kan hanya." An haifi 'ya'ya, an aurar da jikoki, ba a dasa ko darbejiya ɗaya a tsakar gida ba, wai kada a ce an zauna. Kuma ba mai tafiya yamma, don mai niyya ba ya juya wa gabas baya. Gabas ɗin ma ba wanda ya taka. Zaman dirshan ne aka ɗinka masa rigar ibada.

Nilu kuwa yamma yake.

"Yawon buɗe ido?" in ji Malam Jibrin. "Da 'yata? Ubana ya mutu fuskarsa na gabas, wani mai sifana zai mayar da jininsa baya? Na fasa. Ga Gado nan, ya san gidan da ya fito."

"Ni ko ƙofar gida ba za ta wuce ba, Baba," in ji Gado.

Washegari wasiƙa ta zo: "Salamata, kada mu rasa juna saboda ruwa. Zan ce wa Malam na janye. In an ɗaura, mu ce za mu Gadarif, mu wuce abinmu."

Ta karanta sau biyu, idonta ya kawo ruwa don takaici. Ta rubuta: "Wada, na ɗauka kai daban ne. Na gaji da gidan da ake faɗin abu ɗaya ana yin wani. In da ƙarya za ka same ni, bar ni."

Kwana goma sha biyu direban lori na wucewa ta ƙofar makaranta yana girgiza mata kai. Ta rame. Dangin Gado har sun fara taya shanu.

Ran Juma'a da hantsi, tana soya wa kakarta, Habboba Jummare, bunni, wato 'ya'yan gahawa, sai ta ji sallamar Wada. Malam na kan tabarma a inuwar danga. Wada ya durƙusa, farcensa fes.

"Malam, na yi niyyar yi maka ƙarya, 'yarka ta hana ni. Ina sonta. In ka ba ni, zan kai ta ta ga kogin da take koya wa 'ya'yan mutane, in dawo maka da ita. In ka hana, ka hana mai gaskiya."

"Ka gama? To, tashi."

"Baba," in ji Ummusalama, "hanyar nan da muke kai, yaushe za mu tashi?"

Malam ya buɗe baki, amma tsohuwar ta riga shi. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi tafiyar da ƙafarsu.

"Jibrin, wa ya gaya maka ubanka ya yi alwashin kada a tafi yamma?"

"Inna, kowa ya sani."

"Kowa bai kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Jakinmu ne ya mutu, ƙafarsa ta kumbura, aka ba shi gona, dawa ta yi kyau. Kunyar komawa gida bai je Makka ba ce ta sa yake cewa ba ya kallon yamma. Ku kuka mayar da kunyarsa doka."

Bunnin ya fara ƙauri. Jummare ta juyo wajen jikarta.

"Ke, ina kuka ce za ku?"

"Ba mu zaɓa ba, Habboba."

"Ku je Kosti. Nan muka haye a kwalekwale, ina amarya ɗanya. Na kwanta a ƙasan jirgin, na dunƙule ido don tsoro har muka kai gaci. Ruwa mafi girma a rayuwata, ban gan shi ba. Ki je ki kalle mini shi."

Malam Jibrin ya ajiye carbinsa. Ya dubi Wada.

"Kwana nawa?"

"Goma, Malam."

"In ka mayar da su sha ɗaya, da sifanarka zan fasa maka kai. Ke kuma, gahawar nan ta ƙone, sake wata. Muna da suruki."

An ɗaura aure bayan yankan dawa, aka yi kwana uku ana guɗa. Gado ya ci tuwon biki har da ƙari. A makon ne Malam ya shiga lorin Gadarif ya rubuta sunansa da na uwarsa cikin maniyyatan bana, ya dawo da dashen darbejiya a gwangwani.

Jirgin ƙasa ya sauke ango da amarya a Kosti. Da jirgin ruwa ya yi kuka ya rabu da gaɓa, Ummusalama ta kama ƙarfen benen jirgin da hannu mai lalle. Ruwa ya shimfiɗu fari fat, har gacin can ya zama zare.

"Tsoro kike ji, Salamata?"

"Sosai."

"To rufe ido, ina riƙe da ke."

"A'a, makanikina. An aiko ni."

Ta kuwa kalla, ba ta ƙifta ba sai da hawaye ya tilasta mata.

Allah ya sa albarka a wannan aure, ya ba su 'ya'ya masu tashi in sun ce za su tafi, ya kai Jummare inda ta nufa tun tana amarya. Amin.