Motar da Wening Ta Ƙi Saya

Yayyafi ake yi a birnin Malang ranar da Galih ya shigo filin sayar da motocin hannu na wani dattijo da ake kira Pak Marjuki. Ya faka tsohuwar motar marigayi mahaifinsa ƙirar Kijang a bakin ƙofa, ya kashe inji, amma ya kasa fitowa. Sitiyarin ya sha hannun marigayi har ya yi sulɓi, shi kuwa ya zauna yana shafa shi kamar mai ban kwana.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Ya ɗago, sai ga budurwa riƙe da shuɗiyar lema, gefen mayafinta ya jiƙe, tana murmushi kamar ta daɗe da saninsa.

"Mas, sayarwa ka zo yi ko fakewa?" ta ce, don a garin haka ake kiran saurayi cikin girmamawa.

"Sayarwa," ya ce, ya manta sauran abin da ya shirya faɗa.

Wening ce, 'yar mai filin, ita ke duba duk motar da aka kawo. Ta miƙa masa lemar ya riƙe mata, ta ɗaga murfin inji, ta sa ya tayar, ta karkata kai tana saurare. Galih bai ji ƙarar injin ba ko kaɗan. Wani ɗigon ruwa yake kallo da ya maƙale a girarta ya ƙi faɗowa.

Da ta faɗi farashin, sai da ya nemi ta maimaita.

"Haba Mbak, ai wannan kuɗin babur ne," ya ce, shi ma yana kiran ta yadda ake girmama budurwa.

"Babur mai kyau dai," ta ce, amma ba ta yi dariya ba. "Kasuwar ce ta mutu, Mas. Tun da masana'antu suka fara sallamar mutane, kowa tasa yake kawowa. Dilolin sababbi kuma sun ga ba ciniki, sai zabga rangwame suke yi. Wa zai sayi tsohuwa alhali sabuwa ta sauko kusa da ita?"

Ya gaya mata shi ma sallamarsa aka yi daga kamfanin kujeru, kuma mahaifiyarsa shi kaɗai take da shi. Wening ta waiga wajen ofis inda mahaifinta ke waya, ta rage murya.

"Kada ka sayar. Injin nan lafiyarsa ƙalau. In ka sayar yau, kafin damina ta wuce kuɗin sun ƙare, ba mota ba kuɗi. Hau garin Batu, can kan dutse. Manoman furanni kullum cikin neman wanda zai sauko musu da kaya suke."

"Haka kike korar masu kawo muku ciniki?"

"Kai ne na farko. Tafi kafin Bapak, babana, ya fito."

Sai da ya kusa gida ya ga shuɗiyar lemar kwance a kujerar gefensa.

Ba a yi sati biyu ba saƙo ya shigo wayar filin:

"Assalamu alaikum, Mbak Wening. Ɓarawon lema ne. Na samu aiki a Batu. Motar yanzu ƙamshi take zubawa, har masu babur ba sa son wuce ni. Yaushe zan dawo da kayan sata?"

Ta amsa ta lambarta:

"Wa alaikumus salam, ɓarawo mai sallama. Asabar. Ka taho da tara, fure ɗaya."

Dami guda ya kawo na farin wardi, raɓa ba ta gama bushewa a kansu ba.

Daga nan Asabar ta zama tasu. In ya sauke kaya a kasuwar furanni, sai ya biyo ta filin, ya leƙo da kai.

"Mai Lema, nawa motata take yau?"

"Ta ƙara faɗuwa, Mas Fure."

"Alhamdulillahi. Sai in dawo sati mai zuwa in sake ji."

Sukan tsallaka titi wajen mai bakso, wato miyar dunƙulen nama, su zauna a benci, tururin miya na tashi tsakaninsu. Yakan ba ta labarin yadda gajimare ke kwana a gonakin Batu, yadda da asuba yake ratsa shi da mota cike da wardi, ba ya ganin komai sai fari, kamar yana tuƙi a cikin mafarki. Wening kan sa hannu a haɓa tana saurare har miyarta ta huce. Ba su san ranar da Mbak ta koma Dik, wato ƙanwa, a bakinsa ba.

A filin kuwa abubuwa ƙara tsanani suke yi. Motoci sun jeru ba mai tayawa, ganye na taruwa a kan gilasansu. Abin da ke ɗan riƙe Pak Marjuki shi ne Bram, manaja a wani babban kamfanin sayar da sababbin motoci, wanda ke turo masa tsofaffin da mutane suka bayar a musaya. Bram kan zo da ƙamshin turare da takalmi mai ƙyalli, idonsa ba ya sauka daga kan Wening.

Wata rana bayan la'asar Pak Marjuki ya tsaya yana kallon wardin da ke kan teburin ofis, sannan ya kira Wening.

"Nduk, 'yata, zauna. Ba zan taɓa tilasta miki ba. Amma direban fure? Mutumin da dukiyarsa kaf tsohuwar mota ce, wadda ke da bakinki kika ce kuɗin babur ce?"

"Bapak, yana da sana'a, yana da kunya, yana riƙe da mahaifiyarsa."

"Bram ma yana riƙe da mu. Ya yi mini magana a kanki. In ya juya mana baya, filin nan rufe shi za mu yi. Ki gaya wa yaron nan ya daina zuwa."

Wening ba ta gaya masa ba. Hoto ne ya riga ta. Mahaifinta ya aike ta ta karɓo takardun mota a wajen Bram, shi kuwa ya lallaɓe ta ta zauna cikin wata mota sabuwa fil, ya ɗauke ta hoto ba ta sani ba, ya sa a shafinsa na intanet, ya rubuta a ƙasa: "Kwanan nan, da yardar Allah."

Da yamma saƙon Galih ya shigo:

"Dik Wening, na ga hoton da Bram ya sa, na kuma san shi ke riƙe da cinikinku. Motar ta dace da ke. Ba zan tsaya miki a hanya ba, ba kuma zan zama sanadin rufe filin Bapak ba. Allah ya sa alheri."

Ta rubuta:

"Aike na je, ban san ya ɗauka ba. Ashe haka kake da saurin sallama abu, Mas? Da na sani da na bar ka ka sayar da motar tun ranar."

Bai amsa ba. Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya leƙo ya tambayi farashi.

Ranar Lahadi ta gaya wa mahaifiyarta inda za ta, ta hau motar haya zuwa Batu. Tana tambaya ana nuna mata, har ta iso gonar da ke gefen dutse. Gajimare ya sauko ya lulluɓe komai. Layukan wardi ja da fari sun miƙe sun ɓace a cikinsa, iska na kawo ƙamshi mai sanyi. Can ta hango Galih yana ɗaure dami. Ya ɗago ya tsaya cak, kamar yana tsoron in ya motsa za ta narke cikin farin.

"Dik, ke ce?"

"A'a, hotona ne."

Ya sunkuyar da kai. "Na ji kunya ne. Na dubi Bram, na dubi kaina."

"Ni ka tambaya wa nake duba?"

Suka tsaya suna kallon juna. Wata tsohuwa mai yankan fure ta wuce su tana gyaran murya da gangan, suka fashe da dariya, Wening na share hawaye da gefen mayafi.

"Ki yafe mini, hasken idona. Ba zan ƙara guduwa ba. Ko Bapak zai kore ni kullum, kullum zan dawo."

Ba a daɗe ba gaskiyar Bram ta fito. Ya matsa wa Pak Marjuki ya kwashi motocin musaya masu yawa a lokaci guda, yana rantsuwa farashi ya gama sauka. Pak Marjuki ya zuba ɗan abin da ya rage masa. Cikin satin nan kamfanin su Bram ya rataya manyan tutoci a titi, rangwamen da ba a taɓa gani ba. Farashin motocin da ke filin ya zube a rana ɗaya. Bram ya san da zuwan rangwamen, kayan da suka tsaya masa ya sauke a kan dattijon. Da aka kira shi, cewa ya yi, "Kasuwa ce, Pak," ya kashe waya.

Pak Marjuki ya daina shiga ofis. Yakan zauna a kujerar roba tsakanin motocin, kofi na hucewa a hannunsa.

A haka Galih ya same shi wata safiya. Ya gaishe shi, ya sumbaci hannunsa, bai ce komai a kan Wening ba. Ya ɗauki bokiti da soso ya hau wanke motoci. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tashi ya ɗauki tsumma ya shiga gogewa.

Suna cikin aiki Galih ya ce, "Pak, manoman Batu sun daɗe suna son motocin kansu, tsada ta hana su. Yanzu da farashi ya sauko, ƙungiyarsu na neman inda ba za a cuce su ba. Na ce na san wani fili da aka taɓa hana ni sayar da motata don kada in yi asara. Riba ba za ta yi yawa ba, amma motocin za su tashi."

Pak Marjuki ya tsaya da gogewa. "Wa ya hana ka?"

Galih ya dubi ƙofar ofis. Wening ta yi sauri ta ɓuya bayan labule.

Dattijon ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Wato cinikina take korewa a bayan idona! To, Nak, ɗana, kawo manomanka. In an gama, ka kawo mahaifiyarka."

Manoma suka sauko da takalman gona, suka yi ta bubbuga taya suna ja-in-ja da Wening a kan farashi. Pak Marjuki bai mayar da duk abin da ya rasa ba, amma filin bai rufe ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a nan cikin filin. Aka tura sauran motocin gefe, aka kafa rumfa, manoman Batu suka lulluɓe ta da furanni har ba a ganin ƙarfen. Galih ya riƙe hannun Pak Marjuki, ya karɓi aure da numfashi ɗaya, shaidu suka ce ya inganta, wuri ya ɗauki kabbara.

Sannan ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye neman albarka. Mahaifiyar Galih ta rungume Wening tana kuka, tana kiran ta 'yata. Pak Marjuki ya ɗora hannu ɗaya a kan Wening, ɗaya a kan Galih.

"Na so in zaɓa miki, Nduk, ashe kin fi ni ido. Nak, ga ta nan, amana. Allah ya ba ku zaman lafiya a wadata da rashi, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare kuna dariya."

Jama'a suka amsa da amin. Galih ya juyo a hankali ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta amsa tata amin ɗin a ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji.