Ja a Ƙafar Tankin Gugaram

A buron wani ƙaramin kamfanin gine-gine da ke Arlit Zinatu ta fara ganin Ghissa. Ta kawo zanen tankin ruwan da mahaifinta, Alhaji Fatahu ɗan kwangila, zai kafa wa makiyayan Gugaram. Shi kuwa Ghissa Buzu ne, shi ne injiniyan da ke gwada ƙarfin gini a kwamfuta kafin a sa hannu.

Idanunsa kawai ake gani a saman amawali, amma sun ishe ta.

Ya nuna mata tankin a allo, an yanyanka shi ƙanana-ƙanana kamar raga. Shuɗi lafiya ke nan, in ji shi, ja kuwa inda nauyi ya fi ƙarfin ƙarfe. Ita ma wannan karatun ta yi a Yamai, amma ta bar shi yana ta zuba, don muryarsa ta yi mata daɗi.

Kafin wata ya mutu saƙonni sun fara kai-komo.

"Zinariyata, ka ci abinci?"

"Injiniyana, 'kin ci' ake cewa. Na ci, amma kewarka ba ta bar ni na ƙoshi ba."

Shekarar ba ta da daɗi. Fari ya kwantar da dabbobi, 'yan tawaye na cikin duwatsu, kamfanoni sai sallamar ma'aikata suke yi. Ana cikin haka sakamakon gwaji ya fito: ƙafafun tankin sun yi jawur a mahaɗar walda. Ghissa ya ce ba zai sa hannu ba sai an sake ƙarfe mai kauri, wanda ba zai iso ba sai da ayarin soja daga Agadas.

Alhaji ya hau sama. Zayyadu, abokin aikin Ghissa, ɗan aminin Alhaji wanda ya daɗe da ƙyalla ido a kan Zinatu, ya buɗe aikin ya faɗaɗa ma'aunin launi, komai ya koma shuɗi. Ya kuma raɗa wa shugabannin kamfanin cewa wa ya san wanda Buzun nan yake wa aiki a cikin duwatsu. Aka sallami Ghissa. Alhaji ya ce ko ƙofar gidansa kada ya ƙara takawa, ga Zayyadu nan ɗan mutunci.

Ghissa ya aiko wa Zinatu saƙo: "Zinariyata, ba zan jawo maka zargi ba. Ka manta da ni."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta mayar masa: "Ba ka isa ba."

Ta sami mahaifinta a zaure tare da Zayyadu, hoton shuɗin tanki a gabansu. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta yi bayani cewa launi aka canza, ƙarfen yana nan yadda yake. Alhaji ya ce shi dai shuɗi yake gani.

"To Baba, na yarda da Zayyadu. Sharaɗina ɗaya: ranar da aka cika tankin nan maƙil, a ƙarƙashinsa za a ɗaura auren. Kai da shi da liman ku zauna inda matan Gugaram za su riƙa tsayawa da jarkokinsu."

Alhaji ya juya yana jiran Zayyadu ya ce ba komai. Zayyadu ya fara kame-kame, wai hanya ba tsaro, wai rana ta yi zafi, wai ai masallaci ya fi lada. Alhaji ya dube shi. Daga nan ya kife hoton a kan tabarma.

Da ƙafarsa ya taka har unguwar su Ghissa, ya sha shayinsu, ya tambayi kaurin ƙarfen da za a saya. Ya kuma je buro ya wanke shi daga zargi.

Bayan tankin ya tsaya ya ɗauki ruwa, aka ɗaura auren Zinatu da Ghissa. 'Yan Damagaram, dangin amarya, suka zo da kalangu, dangin ango suka zo da kiɗansu na tende, mata suka rangaɗa guɗa.

Da za a tafi da amarya, Alhaji ya kama hannun Ghissa ya ce:

"Na ba ka ita duk da taurin kanta. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu faɗa mini gaskiya ko ba na so."

Zinatu ta amsa amin daga cikin mayafi, ta fi kowa ƙarfin murya.