Mai Zarto da Rubutun Takobi

A zamanin da dajinmu ke da duhu, lokacin da ba kututturen da ban taɓa ɓuya a bayansa ba, an yi wani tsoho mai yankan katako da zarton inji. Kowace Asabar sai ya kwance dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai, wanda muke kira takobi. Ya share kwarin da sarƙar ke bi, ya zuba mai, ya juya shi, don kada gefe ɗaya ya cinye.

Da ƙarfinsa ya ƙare, sai ya bar wa ƙanensa injin. Ƙanen ya ɗan taɓa boko. Da tsohon ya ce masa ya riƙa juya takobin, sai ya dubi sunan kamfanin da ke rubuce a jikinsa ya ce:

"Yaya, in na juya shi ai rubutun jikinsa zai koma kai ƙasa. So kake a ce ban iya karatu ba?"

Asabar ta zo, ya share, ya zuba mai, bai juya ba. Wata ta zo, ya share, ya zuba mai, bai juya ba.

Ana gab da damina, rufin ɗakin Innarsu ya rufta. Ƙanen ya shiga daji yanko katako. Amma takobi ya cinye ta gefe ɗaya, duk katakon da ya yanka sai ya fito a lanƙwashe kamar lauje. Kafinta ya ce ko akurkin kaji ba zai rufa da shi ba.

Tsohon ya duba takobin ya ce, "To malam, karanta mana abin da aka rubuta."

"Ba mu kai nan ba a makaranta, Yaya."

Duk daminar nan, a ɗakin ƙanen Inna ta kwana, shi kuwa a zaure.