Jan Ƙyallen Tsani

Ƙarfe goma na safe aka kira ofishin 'yan sanda: mai gyaran wuta ya faɗo daga tsani a rumbun ajiyar kaya, ya cika kafin a kai shi asibiti.

Sufeto ya tarar da tsanin a kwance. Matakala huɗu kacal, ko ƙirjinsa bai kai ba. Jini ya bushe a kusurwar teburin ƙarfe.

"Ita ta riƙe masa, ta saki," in ji manaja, yana nuna mai shara, wata dattijuwa da ake kira Inna. "Na rubuta bayani, ta ƙi sa hannu."

"Ba zan sa ba," ta ce, "ko ubanka ne ya miƙo biron."

"Inna, kin saki?" Sufeto ya tambaya.

"Ɗan nan, shekara goma sha ɗaya ina riƙe wa mutane tsani. Ƙafafun tsanin ne suka buɗe. Ku rufe ni in kun ga dama, maganata ɗaya ce."

Sufeto ya ɗaga tsanin. Ƙarfen da ke haɗe ƙafafun ya karye, tsatsa ta ci bakinsa. Jan zare na maƙale a jiki.

Ya ja direban rumbun gefe. "Wannan zaren fa?"

"A nan duk abin da ya lalace jan ƙyalle muke ɗaura masa, kada a taɓa. Ni na ɗaura wa tsanin. Yau aka ga babu, aka ɗauka an gyara."

"Wa ya kwance?"

"Ranka ya daɗe, ina da iyali."

Manaja ya rantse bai taɓa ganin wani ƙyalle ba. Sufeto ya buɗe rajistar baƙi. Jiya masu duba lafiyar wuraren aiki sun zo. Ya sa aka buɗe durowar manaja. Jajayen ƙyallaye bakwai.

"Na yini ɗaya ne," in ji manaja. "Da sun ga ja ko'ina, rufe mu za su yi. Mantawa na yi ban mayar ba. Kuma wa ke mutuwa daga matakala huɗu?"

"Ka tambayi matarsa," in ji Sufeto.

Aka sa masa ankwa. Sun nufi mota sai Inna ta tare ƙofa da tsintsiyarta.

"Ɗaya na tsani ne. Sauran shidan fa? Mutane na can ciki suna aiki. Ba inda za shi sai ya nuna inda ya kwanto su."

Sufeto ya dube ta, ya juya manaja suka koma ciki. Sai da aka ɗaura na ƙarshe ta matsa suka wuce.